Sawun Magagari

Hantsakin ya suɓuce wa Stoimen mai gyaran agogo tun kafin ya buɗe bayan agogon. Duk garin Plovdiv an san Gocho, an kuma san cewa ba duk wanda ya shiga motarsa ke dawowa ba. Ga shi yau a cikin shagon, ya tare hasken ƙofa.

"Tsoho, an ce ba ka taɓa yi wa agogo ƙarya ba," in ji Gocho. "Na Suwizalan ne, ko na Rasha aka yi wa kwalliya?" Ya ce dillalin da ya sayar masa da agogon yana ɗaure a bayan mota. In jabu ne, shi zai kai su wurin wanda ya haɗa shi.

Agogo ne mai maɓallai biyu na auna gudu, irin wanda Stoimen ya tsufa yana gyarawa. Ya fara bayani: asalin injin daga wani kwari yake a Suwizalan, da kasuwa ta mutu aka sayar wa Rasha na'urorin buga shi, shi ya sa suka zama kamar tagwaye. Gocho ya ce ba tarihi ya zo ji ba.

Fitilar Stoimen ta yi rauni, sai ya miƙa hannu teburin da ke gefe, wanda ya daɗe ba a zauna a kansa ba, ya jawo fitilar da aka ɗaure a kansa ta hannun dama, saɓanin tasa.

Ya duba. An goge tambarin Rasha da magagari, aiki mai kyau har ya ba shi tsoro.

"Na Suwizalan ne," ya ce. "Bar mini shi in sa masa mai."

Gocho ya kafe shi da ido, ya bar masa agogon, ya ce in ya karɓa zai kai shi birnin Sofiya a sake dubawa, in maganar ta sauya zai dawo.

Motar na tashi Stoimen ya kulle ƙofa, ya ɗauki magagarinsa, ya soma shafe sawun da ya gani. A karkace yake daga hagu, yankan bahaguwa, wanda ya yi shekaru yana bugun hannun 'yarsa Tsveta, mai wancan teburin, a kansa bai gyaru ba.