Hirar Tsohuwar Asibiti

"Malam, ko ka kunna mana muryar matar nan, ko ka manta da zama farfesa," in ji shugaban kwamiti. Zargin malamin nazarin zamantakewar suke da ƙirƙiro hirar wata tsohuwa da ta daina shan maganin hawan jini.

Zufa ta keto masa. Ɗalibansa ne suka naɗo hirar a asibiti, shi rubutun kawai ya karanta. Ya kunna.

"In sha don wa, yaran nan? Ɗana yana jami'a yana binciken marasa lafiyar wasu. Wata takwas bai leƙo ni ba."

Kwamiti ya gamsu, har da tafi. Malam kuwa ya kasa ɗaga kai. Muryar Innarsa ce.