Matta a Gonar Barkono

Gilbert ya iske Matta tsugune a gonarsa ta Paki, tana tsinkar barkono kamar gonar gadonta. Sau biyu bana ya nome wa bazawarar nan masararta, amma ko ruwan randarta ya ƙi sha, wai kada a ce lada yake nema.

"Matta, tashi, hannunki zai yi raɗaɗi! Ni da zan turo kawuna gidanku ranar Lahadi?"

Ba ta ɗago ba. "Kada ka wahalar da tsoho. Ba zan aure ka ba."

Ya matso kusa da ita. "Me na yi?"

"Taimako ya yi yawa, har kunyar haɗuwa da kai nake ji a coci. Ni ba marainiya ba ce. Wanda zan aura, taimakon juna za mu yi, ya ɗauka in ɗauka."

Ya dubi kwandonta da ya kusa cika, ya sosa ƙeya, ya gyara murya.

"To... barkonon kunyar can ma ya nuna. Ga bayana yana ciwo."

Sai yanzu ta ɗago, tana danne dariya.

"Ka ce wa kawu ya zo da wuri."