Tarin Jar Mota

Bayan rasuwar Abbanmu na kasa zama wuri ɗaya, in na zauna sai in ji kamar ƙasa tana cizona. Baffa Lurwanu, ƙanen Abba, ya same ni a ɗakin marigayi da guduma a hannu, na fara ɓamɓare tsohuwar kantar littattafansa, nufina in yi fenti in sake komai. Bai hana ni ba. Ya dai ce in ajiye gudumar in ji wani misali, in ya gama in ɗauki abata in ina so.

Ya ce an yi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, suna zaune da mahaifiyarsu wadda idonta ya yi rauni, sai kunne ya rage mata. Wan yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gajeriya har cikinta na neman shafar ƙasa. Aibinta ɗaya ne. Ƙarfen da ke kwaso hayaƙi daga jikin inji ya miƙa wa salansa ya tsage, shi ya sa in tana tafe, a ƙarƙashin rurinta akwai wani ɗan tari, tsut-tsut-tsut, kamar tsoho mai mura. Tun daga kwanar masallaci uwar take jiyo shi, sai ta ce a ɗumama miya, ga mai tarin nan ya dawo. Kullum cikin yi masa faɗa take, wai motarsa ta hana kajin unguwa sakat. Wan ya sayo sababbin bututu masu ƙyalli da za su maye gurbin tsagaggen ƙarfen, a murɗe kamar hanjin rago, yana cewa da hannunsa zai ɗaura su ranar da ya samu sarari. Bai samu ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, aka kai shi makwancinsa, bututun suna nan cikin kwalinsu.

Da masu gaisuwa suka watse, ƙanen ya riƙa tayar da motar kowace la'asar, ya zaga unguwa ya dawo don kada batir ya mutu. Bai lura ba cewa a daidai lokacin ne uwar take jawo tabarmarta kusa da zaure. Shi kwalin nan ne ya tsaya masa a rai. Ya wuce ya gan shi, ya dawo ya gan shi, kamar alkawarin da aka bar masa. Wata safiya ya kasa haƙuri, ya ɗaga motar a jak, ya buɗe bonet, ya baje sifanu a ƙasa. Notuna sun ci tsatsa. Kamata ya yi ya zuba musu kananzir ya bar su su jiƙa, amma jira shi ne abin da ba ya iyawa a kwanakin nan. Ya ja, sifana ta zame, gaɓoɓin yatsunsa suka saɓule, jini da baƙin mai suka gauraya, bai ko duba ba. Noti na ƙarshe ya ƙi, sai ya sa guduma. Tsohon ƙarfen ya rabe biyu ta bakin tsagar. Ana haka ɗan gwangwan ya zo wucewa da baronsa yana kira, ƙanen ya jefa masa gutsattsarin, bai ma tsaya an auna ba. Ya sa sabon gaskit, shimfiɗar da ke hana hayaƙi tsiyaya, ya jera bututun, ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe yadda ya sha jin wansa yana faɗa. Da la'asar ya murɗa makulli. Motar ta yi wani ruri mai kauri, tas, babu gargada, har kwanon rufin gidan ya amsa, tattabaru suka tashi. Tun ranar jana'iza sai lokacin ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Ya zaga gari, ya biyo ta kwanar masallaci, ya tsaya a ƙofar gida, ya shiga yana murmushi. Uwar tana kan tabarma, ta karkata kai wajen titi.

"Auta, wace mota ce wannan ta tsaya mana a ƙofa? Ta yayanka fa, yau ba za ka tayar da ita ba?"

Baffa ya ce a nan ne saurayin ya gane abin da ya jefa a baro. Ya fita da gudu neman ɗan gwangwan, aka nuna masa filin da suke tara ƙarafa, ya iske an loda tirela ta kama hanyar Kudu, inda ake narkawa. Ya dawo ya kwance noti ɗaya don hayaƙi ya riƙa tsiyaya ko za a dace. Motar ta yi huci, ta yi fito, amma ba ta yi wancan tarin ba. Uwar ta saurara har ya kashe injin, ta ce Allah ya yi masa albarka, ya bar wahalar da kansa haka nan. Ta naɗe tabarmarta ta koma ɗaki, ba ta ƙara fitowa da la'asar ba.

Motar kuwa, in ji Baffa, lafiyarta ƙalau, gudu ma ya fi na da. Sai dai ƙanen ba ya iya bi da ita ta kwanar masallaci. Shi ya sa Hausawa suka ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take.