Atishawa a Sabon Gida

Ranar da ɗanta ya sayi gida a unguwar Turawa, daga hannun wani Bature mai komawa ƙasarsu, ya ɗauko ta daga tsohuwar unguwarsu ta Nima ta sa albarka. Ya zaunar da ita a falo, ya zagaya duba lambu.

Atishawa ta kama ta. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta kasa kunne.

A Nima da tuni maƙwabta sun amsa mata da addu'a ta bayan bango, wata ma ta aiko da citta. Nan ko ɗan nata bai ji ba.

Ya dawo yana murmushi. "Mma, kin ga fili? Wane ɗaki kika zaɓa?"

"Allah ya sa albarka," ta ce, tana laluben takalminta. "Na Nima."