Ƙarfen Dala Ɗari Biyu

"A kwance bindigarsa!" in ji Virgil, abokin takarar Delbert, da ƙarfi. "Shekara goma harsashin Delbert bai san hanyar allon harbi ba, yau kuma shi ne na ɗaya?"

Delbert ya miƙa bindigar. Dokar gasar harbi ta ƙauyensu a Tennessee guda ce: ƙaramar bindiga, yadda ta fito daga kamfani. Shi kuwa wata guda ke nan da ya cire ƙarfen da ke tura harsashi, ya sa wani na dala ɗari biyu a ɓoye. Tun ranar yake cika wa matarsa Lorna kunne, wai na kamfani tarkace ne, wannan kuwa ko a kafaɗa ana jin bambanci. In asiri ya tonu, ba talo-talon da ya ci a matsayin kyautar gasa kaɗai zai rasa ba, korarsa za a yi daga ƙungiyar maharba.

Alƙalin gasa ya kwance bindigar, ya jujjuya ƙarfen a tafinsa.

"Na kamfani ne, har da tsatsarsa. Virgil, ba shi haƙuri."

Aka yi ta tafi. Delbert ya rungumi talo-talonsa, ya ja Lorna gefe.

"Ke, ina ƙarfena?"

"Washegari na mayar wa waɗanda suka sayar maka, na sa maka tsohon. Kuɗin kuma na gyara injin wanki da su."

"To, bambancin da nake ji fa?"

"Ai ni ma ina jin sa, maigida. Injin ya daina ƙara."