Malam Abdulmumini Ya Ƙara Tsawo

"Jingina bayanki da nawa, Huseina! Sama'ilu, zo ka zama shaida!"

Sama'ilu, ƙanin maigidan, ya ajiye fartanya ya duba. Tabbas, kan Malam Abdulmumini ya ɗara na matarsa. Tun aurensu daga sama take kallon hularsa, yau ga shi da furfura ya kere ta. Malam ya ce duk aikin garin maganin da ya sayo a kasuwar Ɗambatta ne.

"Ni dai bayana ke ciwo, Malam," in ji Huseina.

"Hassada ce ke damunki!"

Rannan ta yi ɗan tuntuɓe da taɓarya, ta dafa ƙasa, sai wuyan hannu ya karye. A asibiti likita ta duba hoton ƙashi, ta ce ƙasusuwanta ne suka zaizaye, abin da kan sami mata bayan ɗaukewar al'ada. Ƙashin bayanta ya lotsa, shi ya sa ta rage tsawo. Aka ɗaure hannun, aka ba ta magani, aka ce ta dage da nono da zogale.

Malam ya gyara murya. "Likita, na yarda ta ragu. Amma ni ma na ƙaru. Dubi wandona, ya ɗage har ƙwauri!"

Huseina ta sunkuyar da kai. "Malam, tun bara yake jan ƙasa. Ni na kai wa tela ya rage, almakashinsa ya zarce."

Likita ta nuna masa gadon gwaji.

"Bismillah, Baba. Kai ne na gaba."