Kwalekwale a Gidan Injiniya

Tun da doka ta ce duk injiniyan da ya sa hannu kan lafiyar dam sai ya tare a gindinsa, hankalin mutanen Rafin Gora ya kwanta. Injiniya Sallau ya ba dam ɗin shaƙatawar Alhaji Mamuda da ke saman garin lamba ɗaya wajen inganci, ga shi kuma a cikinsu yake kwana.

Ran Talata Tabawa, maƙwabciyar Injiniya, ta shiga gidansa aron turmi, ta tarar da matarsa tana jera kaya cikin sabon kwalekwale a tsakar gida.

"Innalillahi! Maman Hafsi, wannan fa?"

Matar ta dubi hadarin gabas, ta rage murya.

"Yaya Tabawa, mutum shida yake ɗauka, mu biyar ne. Ki zaɓi ɗaya cikin yaranki."